Ragon Inna da Darasin Malam Hanji

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Iliyasu makwancinsa a nan Agadas. Har yau in na wuce inda mata ke wankin kayan cikin dabba, warin nan ya bugi hancina, shi nake tunawa kafin in tuna turaren da yake shafawa ranar Juma'a. Na san akwai masu cewa bai kamata ƙanwa ta buɗe maganar wanta marigayi da wannan ba, a jarida kuma. Su yi haƙuri. Mutumin da nake tunawa yau ya kashe rayuwarsa yana yaƙi da irin wannan kawaicin, kuma ba zan zo bayan ransa in lulluɓe shi da abin da ya ƙi ba.

Ga wanda bai san shi ba, likitan ciwon ciki ne. Yana duba marasa lafiya, yana kuma koyarwa a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya da ba zan kama sunanta ba, inda ake haɗa masa har da ɗaliban likitanci da ake turowa daga kudu su yi istaj, wato koyon aiki a asibiti. Gari ya laƙaba masa suna Malam Hanji, kuma ba don yabo aka sa masa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne makarantar nan ta rubuta sunansa a ƙofar babban ɗakin karatunta, a shekarar da ta hana darasin da ya sa aka san shi. Ɗalibarsa da ta gaji kwas ɗin, Likita Mariyama, an ja mata kunne cewa in ta sake yin darasin za a karɓe ajin daga hannunta. An ɗaga sunan an binne aikin, ana kuma so mu iyalinsa mu zo mu yi tafi.

Bari in faɗi yadda darasin yake, domin na sha bin su a lokacin hutun lakwal, wato makarantar boko, ni ce mai riƙe buta da sabulu. Kowace Alhamis da safe yakan kwashi ɗalibansa zuwa mahauta. Ya riga ya shirya da sarkin fawa, ana ajiye masa kayan cikin rago ɗaya cif, daga maƙogwaro har ƙarshe, ba a yanka ko'ina ba. Kowa ya sa safar hannu, a shimfiɗa abin a babban faranti. Maganarsa ta farko ba ta sauyawa: tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya, wanda duk ya rubuta masa huɗu a jarrabawa zai kawo masa ciyawa ya ci a gaban aji. Daga nan sai ya sa kowane ɗalibi ya bi hanyar abinci da yatsansa, yana faɗin sunan inda ya kai da Faransanci da kuma Hausa, mai jin Tamashek ya ƙara da nasa.

Sai ya ɗaure hanjin da zare a tsakiya, ya ce in zuba ruwa ta sama. Yara na kallo hanjin zai kumbura a saman ƙullin, ƙasan kuwa ya kwanta shafal. Ya ce ga cikin mutumin da hanjinsa ya toshe, ga dalilin amansa, ga dalilin da ya sa ko iska ba ya fitarwa. Ya ɗauki ƙaya ya huda wuri ɗaya, ruwan ya tsiyaye cikin faranti, ya ce ga abin da zazzaɓin hanji ke yi in an yi sakaci da shi, a cikin mutum kuwa babu faranti da zai tare. Ya matsa maɗaciya su ga koren ruwanta yana gangarawa cikin hanji, sannan ya toshe hanyar da yatsa biyu ya tambaye su: in wannan ruwan bai sauka ba, wane launi bayan gida zai koma, wane launi ido zai koma? Gani ya kori ji. Ni da ban karanta likitanci ba, har gobe na san cewa farin bayan gida da ɗorawar ido tafiyarsu ɗaya.

Wannan duk rabin darasin ne, kuma shi ne mai sauƙin. Rabi na biyu shi ya jawo masa baƙin jini. Akwai benci a bakin mahautar inda tsofaffin mahauta da dattawan da suka zo sayen nama ke zama. Ya roƙe su, suka yarda su riƙa zama a madadin marasa lafiya. Kowane ɗalibi, mace ko namiji, sai ya je ya durƙusa ya gaida dattijo yadda ya kamata, sannan ya dube shi ya tambaye shi: Baba, yaushe rabonka da bayan gida? Wane launi ne? Akwai jini? Jinin ja ne ko baƙi? Kana fitar da iska? Ba a yarda ka yi dariya ba, ba a yarda ka sunkuyar da kai ba, ba a yarda ka gudu cikin Faransanci ba. Wanda ya kasa, mako mai zuwa shi zai fara. Na ga 'yan mata masu fararen riguna suna kuka a wurin nan, na kuma ga samarin da suka fi su rawar murya.

Hujjarsa ɗaya ce, kuma ban taɓa jin wanda ya rushe ta ba. Yakan ce mu mutane ne da aka raina da karin maganar nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, ciki na riƙe sirri, to amma ciwon ciki ma sirrin muke mayar da shi. Dattijo zai zo daga Iferwan, ya sha wahalar hanya, ya zauna gaban likita, a tambaye shi me ke damunsa, ya ce jiki ne kawai. Tsohuwa za ta yi wata da watanni tana ganin jini ta ce basir ne, ta ci gaba da jiƙe-jiƙenta. Ba za su faɗa da kansu ba, sai an tambaya. In kuwa yaron da aka sa a farar riga yana jin kunyar tambayar, ko yana ƙyamar abin da za a amsa masa, to an haɗu an rufa wa ciwo asiri har ya gama aikinsa. Mahauta ta cire ƙyama, benci ya cire nauyin baki. Haka ya tsara abin.

A gidanmu aka fi jin zafin sunan Malam Hanji. Innarmu Ba'adara ce, ta biyo Baba nan garin tun yana fataucin gero da goro, kuma Yaya shi ne ɗanta na fari. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama hira da shi, in za ta aika masa magana sai ta ce da ni, ki faɗa wa wancan. Matan unguwa kuwa ba su raga mata ba. A wurin biki ko suna sai wata ta ɗaga murya ta ce a matsa wa uwar Malam Hanji ta zauna, a kwashe da dariya. Ranar da duk aka yi haka, Inna ba ta cin tuwon dare.

Wata rana ta kira ni ta ce, "Dije, hwaɗa ma wancan, mun kai shi lakwal shi zama mutum, ba shi koma yana tambayar tsohhi abin da sunka bari bayan ɗaki ba."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Gaya wa Inna a gabanta na koya. Wa ya nuna mini yadda ake juye hanji da kara ranar Layya?"

Gaskiya ya faɗa. A unguwarmu babu macen da ta kai Inna iya gyaran kayan ciki. Ranar Layya takan zauna bakin magudana ta wanke tumbi fes, ta juye hanji ta tsefe shi ta kitsa, shi kuwa tun yana ƙarami yana tsugune a gefenta yana tambayar ina ciyawar da ragon ya ci take bi. Ba ta amsa masa, tunda ɗan fari ne, amma ba ta taɓa korarsa ba. Wannan amsar tasa dai ban kai wa Inna ba, domin ina son zaman lafiya da kunnuwana.

Ciwon da ya yi ajalinsa ma a cikin darasinsa yake. Ciwon hanta ne da ya daɗe a jikinsa, ya rikiɗe ya zama daji, kuma shi ya fara ganewa kafin kowa. Da ƙafa ta gaza kai shi aji, sai aji ya dawo gida. Yana kwance ƙarƙashin rumfa, ya rame, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya taso, sai ya ɗage rigarsa ya ce ɗalibai su matso ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba kullum ake samun malami da irin wannan hantar ba, kada su yi asarar dama. Mariyama a lokacin tana shekararta ta ƙarshe, ta durƙusa ta kasa ɗaga hannu, hawaye na zuba. Ya ce mata, "Kuka bayan darasi. Sa yatsunki nan ƙarƙashin haƙarƙari, ki ce in ja numfashi. Kin ji bakinta? Kin ji taurin? To kada ki manta shi." Na ce masa Yaya ka rufa wa kanka asiri mana, ya ce Dije, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna kuwa da ta ga an fara, takan ɗauki mayafinta ta shiga maƙwabta har sai sun watse. Ranar da ya rasu ba ta yi kuka a gaban kowa ba, abin da na ji daga bakinta kawai shi ne Allah ya jiƙan Musulmi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya leƙo garin nan yau. Zai ga motocin masu neman zinariya suna sauke samari da ƙwannafi da ciwon ciki, yaran da suka yi watanni a daji suna ɗora shayi mai ɗaci a kan yunwa, suna haɗiyar ƙwayoyin kashe gajiya kamar gyaɗa. Zai ga mai tallar magani da tire a ka yana bi ƙofa ƙofa, kowane ciwo da launin ƙwayarsa. Zai kuma ji motar nan mai lasifika a bakin kasuwa, wadda mai ita ke kwarara bayanin basir da kalmomin da ni ba zan iya rubutawa a nan ba, dattawa na tsaye suna murmushi suna miƙa hannu. Wannan ba a ce masa marar kunya ba, har lambarsa ake karɓa a salula. Likitan da ya durƙusa ya gaishe ka, ya tambaye ka a hankali don ya ceci ranka, shi aka ga ya dace da sunan. In akwai wanda zai warware mini wannan, ina saurare.

Kada kuma a ɗauka Yaya maƙiyin sabon abu ne. Ya yi shekaru yana roƙon a kawo bututun nan mai ido da ake zurawa ta baki a ga cikin tumbi, kuma da ya ga hotunan da ake haska wa ɗalibai a bango yanzu, hanji na juyawa kala-kala ana buɗe shi ana rufewa, na tabbata da ya tsaya ya kalla baki buɗe. Sai dai bayan an kashe na'urar zai tambaya: to wa zai je ya tambayi tsohon? Hoton bango ba ya wari, ba ya kallonka da idon kakanka, ba ya cewa kai ɗan gidan wa ne da za ka yi mini wannan tambaya. Mariyama ta gaya mini tana da ɗalibai masu kai ƙwarai, sun haddace sunan baƙin bayan gida da Faransanci, sun san yana nufin jini na zuba daga sama, amma ka ajiye su gaban mai furfura sai su duba agogo su rubuta magani.

Ba da ka nake wannan maganar ba, a ɗakin Inna na gani. Shekara biyu da suka wuce gwiwoyi suka matsa mata, ta shiga sayen ƙwayoyi wajen mai tire tana sha safe da yamma ba mu sani ba. Sannu a hankali ta ɗashe, tafin hannunta ya yi fari, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Dangi suka taru kowa da nasa, masu cewa tsufa ne, masu cewa iska ce, masu kawo saiwa. Na kai ta wani ƙaramin wurin shan magani, wani saurayi mai ladabi ya auna ta, ya ce Hajiya ina ke miki ciwo, ta ce jiki na duka ɗana, ya rubuta mata maganin ƙarin ƙarfi muka dawo. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ya yi. Ana cikin haka Mariyama ta zo gaishe mu. Ta ja fatar idon Inna ta duba, ta juya hannunta, ta ce kowa ya fita sai ni. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da tabarmar.

"Inna, zan tambaye ki abin da malamina ya koya mini. In kin amsa, ki zage ni yadda kika ga dama. Bayan gidanki wane launi ne?"

Wallahi ni da nake ƙanwarsa, na kuma riƙe masa buta shekaru, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ja mayafinta. Ta juya fuska bango.

"Baƙi na," in ji ta. "Ƙirin, kamar an dama gawayi. Ya daɗe."

Ranar aka kwantar da ita a asibiti. Gyambon ciki ne ƙwayoyin suka tono, yana ta zubar da jini a ɓoye. Aka ƙara mata jini, aka raba ta da mai tire, aka ɗora ta a kan magani, Allah ya tashi kafaɗunta. Ba ta sake tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Na dai lura tun daga lokacin duk wanda ya kawo mata dabinon Fachi ko cuku, sai ta raba biyu ta ce a kai wa yarinyar nan, wato Mariyama.

A watan jiya direktan makarantar ya zo gida da mutum biyu, ya gaishe mu da ladabi, ya ce ranar cikar shekara bakwai za a buɗe allon sunan Yaya, ana so Inna ta zauna a gaba. Na tambaye shi darasin Alhamis fa. Zan faɗi nasa yadda ya faɗa, don kada a ce na danne. Ya ce iyaye na kawo kuka, wasu 'yan mata na suma, ga ƙuda ga ƙazanta, ga mutuncin makaranta a idon baƙi, kuma rago dai ba mutum ba ne. Ya ce, "Madam, zamani ya sauya. Marigayi ya yi nasa da abin da ya samu, mu yanzu muna da kayan aiki." Na ce masa ƙazanta sabulu ke maganinta, ni na riƙe shi. Yarinyar da ta suma a mahauta gara ta suma can da ta suma a kan mara lafiya. Zancen rago ba mutum ba ne kuwa, Yaya ya riga shi faɗa, har da alkawarin ciyawa. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya gama yanke hukunci, ya ce a bar kaza cikin gashinta.

Duk wannan Inna na zaune a kan tabarmarta tana jan carbi kamar ba ta ji. Sun miƙe za su tafi ke nan ta yi wa direkta magana, ta kira shi Mushe yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ragon da za ni yankawa sadakar wancan, shi ma lakwal ka da iko da shi?"

Direkta ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai gidanki ne."

"To madalla. Ku gai da gida."

Ran Asabar da ta wuce aka yi abin, a safiya ɗaya da bikin allo. Malamai suka yi addu'a a zaure, aka yanka ragon, Inna da kanta ta tsaya a kan mahaucin ta ce kada wuƙarsa ta taɓa kayan cikin, ya zaro mata su ɗungurungum. Mariyama da aka ce ta zo da ɗalibanta ta yi ta jan ƙafa, kuma ban ga laifinta ba, tana da 'ya'ya, aikin nan shi ne rufin asirinta. Inna ta aika mata cewa ita ba darasi ta kira ba, sadaka ta kira, kuma tun da take ba ta taɓa jin an hana ɗalibi cin sadaka ba. Wasu ɗaliban suka tafi wurin biki, Allah ya ba su lada. Waɗanda suka zo mana sun cika tsakar gida har bakin murhu, kowa da safar hannunsa a aljihu, abin da ya nuna mini sun san irin sadakar da aka kira su. Wata gwaggonmu ta ja ni gefe ta ce wannan abin kunya ne a ranar addu'a. Na ce ta je ta faɗa wa mai gidan, ga ta can. Ba ta je ba.

Aka shimfiɗa faranti, na ɗauko butata. Mariyama ta fara da maganar malaminta, tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya, har ta kai zancen ciyawa. Da aka zo miƙe hanji aka nemi mai riƙe bakinsa, sai ga hannun Inna, ba safa ba komai. Matar da ke guduwa maƙwabta in an ɗage riga, ita ce ta riƙe, har tana gyara wa wata yarinya yadda ake kamawa kada ya tsinke. Aka ɗaura zare, na zuba ruwa, ya kumbura. Aka huda, ya tsiyaye. Aka matsa maɗaciya.

Saura rabi na biyu, kuma babu benci babu tsofaffin mahauta. Mariyama ta dube ni na dube ta. Inna ta wanke hannu, ta jawo kujerarta tsakiyar fili ta zauna, ta gyara mayafi ta ce ga tsohuwa nan, a zo a tambaya. Wanda aka fara turowa wani dogon saurayi ne ɗan Cirozerin. Ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, gumi ya karyo masa. Can sai ya sunkuyar da kai ya saki tambayar da Faransanci, da sauri, kamar mai tofar da abu mai zafi.

Inna ta ce, "Ni ban jin Nasaranci, ɗana. Ɗago kanka. Yi mini irin ta Malam Hanji."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira shi da wani abu da ya wuce wancan ba. Sunan yanka har yanzu ba ta faɗa ba, ba kuma za ta faɗa ba, ɗan fari ɗan fari ne ko a kabari. Amma sunan da aka yi shekaru ana jifanta da shi a gidajen biki, wanda ya hana ta tuwon dare, shi ta ɗauka ta faɗa a gaban dangi da baƙi, da ƙarfi, ba ta ko ƙifta ido ba. Ni kam na ajiye butar na shiga ɗaki na yi kukan da ban samu yi ba shekara bakwai. Ta taga na ji saurayin ya yi tambayar da Hausa, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, na kuma ji ta amsa masa kowace.

An ce mini allon ya yi kyau, an rubuta sunansa cikakke da muƙaminsa, an yi jawabai. Ban raina ba, amma na san rana irin ta Agadas da abin da take yi wa fenti. Abin da Yaya ya bari wanda na tabbata zai jure shi ne wannan tambayar a bakin yaran da suka daina jin nauyinta, da tsofaffin da za su ci gaba da shan iska saboda an yi musu ita a kan lokaci, cikinsu har da wadda ta haife shi. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa abin da ka koyar ya bi ka da haske.

Har zuwa lokacin da nake wannan rubutun ba a kira Mariyama ba, ba a kuma ce mata komai ba. Na san labari ya kai, garin nan bai da girman da zai ɓoye rago guda. In aka karɓe ajin daga hannunta, to ga shi na rubuta, kowa ya san dalili, kuma Inna ta riga ta ce ragon Layya ma haka za a yi da shi, da na baɗi in tana numfashi. Bayan an watse ranar, mata suka wanke kayan cikin suka soya, ɗalibai suka ci suka ƙoshi. Inna ta zaɓi hanta da kitsattsen hanji ta cika sabon kwanonta, ta rufe da faifai, ta ce a kai wa direkta nasa rabon sadakar. An kai, ya karɓa da hannunsa. A garin nan kwanon da aka aika da abinci ba ya dawowa wofi. Nata bai dawo ba tukuna, kuma kullum da safe sai ta tambaye ni.